Jiragen Ƙasa Masu Dakon Wuta: Yadda Doka Ke Bin Sawun Hatsari

Garin Lac-Mégantic da ke kudancin lardin Quebec na ƙasar Kanada bai fi mutum 6,000 ba, kuma layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa, kusa da kantuna da wuraren shaƙatawa. A daren Juma'a wayewar Asabar, 6 ga Yuli, 2013, da misalin ƙarfe 1:15, wani jirgin ƙasa mai jan taragu 72 maƙare da ɗanyen mai ya kutso cikin garin yana gudun kilomita 105 a sa'a, ba kowa a cikinsa. A kwanar tsakiyar gari, inda ƙa'ida ta hana jirgi wuce gudun kilomita 16, taragu 63 suka goce daga kan dogo suka hau juna. Man da ya malala ya kai kusan lita miliyan 6, ya bi tituna da magudanan ruwa yana ci da wuta. Mutum 47 suka rasu, galibinsu a wani gidan shaƙatawa mai suna Musi-Café. An kwashe mutum 2,000 daga gidajensu, gine-gine kusan 40 suka ƙone ƙurmus.

Yawancin dokokin da Kanada da Amurka ke aiki da su yau wajen dakon mai da iskar gas a jirgin ƙasa, bayan wannan dare aka rubuta su ko aka sake musu fasali. Wanda ya bi tarihinsu zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Kowace doka ana yanka ta ne daidai jikin hatsarin da ya riga ya faru, kamar yadda tela ke yanka yadi daidai awon mai riga, sai hatsari na gaba ya zo da nasa awon daban.

Birki bakwai a kan gangara

Man ya taso ne daga rijiyoyin Bakken da ke jihar North Dakota ta Amurka, za a kai shi matatar kamfanin Irving Oil a birnin Saint John na lardin New Brunswick. A wannan zango, wani ƙaramin kamfani mai suna Montreal, Maine & Atlantic ke jan jirgin, da direba ɗaya tal. Da lokacin tashinsa ya yi, direban ya tsaya a ƙauyen Nantes, kilomita 11 daga gari, a saman wata doguwar gangara. Ya ɗaure birkin hannu guda 7, ya bar injin gaba a kunne domin ya ci gaba da hura iska a cikin birki, ya tafi masauki. Ya gwada ƙarfin birkin hannun kafin ya tafi, sai dai ya gwada shi ne alhali birkin iska yana riƙe da jirgin, don haka gwajin bai nuna masa gaskiya ba.

Jim kaɗan injin ya kama da wuta, saboda gyaran da aka yi masa watanni kafin nan na wucin gadi ne. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe wutar, suka kuma kashe injin, kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta tanada. Da injin ya mutu, iska ta riƙa sulalewa a hankali har birkin ya saki. Kafin ƙarfe ɗaya jirgin ya fara gangarawa.

A watan Agustan 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta fitar da rahotonta, inda ta lissafa dalilai 18 da suka haɗu suka haifar da bala'in. Ta ce birkin hannu tsakanin 17 da 26 ake buƙata kafin jirgi mai wannan nauyi ya tsaya a wannan wuri. Ƙa'idar wancan lokaci kuwa cewa kawai ta yi a ɗaure wadataccen birki, ta bar wa kowane kamfani ya fassara abin da wadatar ke nufi. Rahoton ya zargi kamfanin da sakaci, ya kuma zargi ma'aikatar sufuri da rashin sa ido. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar ma ya gano a 2013 cewa kashi 26 cikin 100 kacal na binciken da ma'aikatar ta tsara yi wa kamfanonin jiragen ƙasa ta iya gudanarwa.

Kwana 17 bayan hatsarin, gwamnati ta ba da umarnin gaggawa: kada jirgi mai ɗauke da kaya masu haɗari ya yi tafiya da ma'aikaci ɗaya, kada kuma a bar shi a babban layi ba mai gadi. Daga baya aka fitar da jadawali mai nuna adadin birkin hannu gwargwadon nauyin jirgi da tsinin gangara. Ma'aikatan kamfanin uku da aka gurfanar a kotu, ciki har da direban, an wanke su a Janairun 2018. Da yawa daga mutanen garin dama suna ganin ƙananan ma'aikata aka kama, manyan da suka tsara aikin suka sha.

Abin da ya sa dokar ta kasance a baya haka shi ne kasuwa ta riga ta gudu. A 2009 taragun ɗanyen mai kusan 500 ne suka bi layukan Kanada. A 2013 sun kai kusan 160,000. A Amurka adadin ya tashi daga kusan 9,500 a 2008 zuwa sama da 400,000 a 2013, saboda rijiyoyin Bakken sun fi ƙarfin bututan da ke akwai. Ƙa'idojin da aka tsara domin tarago ɗaya ko biyu a cikin jirgin kaya, su aka ci gaba da amfani da su a kan jirgi mai taragu 100 duk na mai.

Lambar da ke jikin tarago

Kowace dokar dakon kaya masu haɗari tana farawa da tambaya ɗaya: mene ne a ciki? Tun 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ke buga shawarwarin da ƙasashe ke kwafa cikin dokokinsu. An raba kayan gida 9. Rukuni na 2 na iskar gas ne, na 3 kuma na duk wani ruwa mai saurin kamawa da wuta. Kowane abu yana da lamba mai alƙaluma huɗu da ake liƙawa a jikin tanki: 1203 fetur, 1202 man dizal, 1223 kananzir, 1267 ɗanyen mai. A cikin rukunin ma akwai matakai uku, na farko shi ne mafi haɗari, na uku shi ne mafi sauƙi. Matakin da aka rubuta shi ke nuna irin tankin da ya halatta a zuba kayan, shi ke kuma gaya wa 'yan kwana-kwana nisan da za su tsaya.

Man da ya ƙone Lac-Mégantic an rubuta shi a mataki na uku. Da aka gwada shi, sai aka tarar na mataki na biyu ne, yana tashi da tururi mai kama wuta kusan kamar fetur. A 2017 kamfanin Irving Oil ya amsa laifuffuka 34 a ƙarƙashin dokar dakon kaya masu haɗari, aka ci shi tarar dala miliyan 4 ta Kanada. Bayan hatsarin, ƙasashen biyu suka wajabta wa mai loda mai ya riƙa ɗiban samfur yana gwadawa, ya kuma ajiye shaidar gwajin.

Tankin da aka san rauninsa tun 1991

Duk taragun da suka fashe a wannan dare samfurin DOT-111 ne, wanda a lokacin shi ne ya fi yawa a layukan Amurka ta Arewa. Kaurin ƙarfensa bai wuce milimita 11 ba. Ba shi da garkuwa a gaba da baya, inda ƙugiyar wani tarago ke iya huda shi. Bawul ɗin sama da na ƙasa kan karye idan ya kife. Ba shi da rigar da za ta kare shi daga zafi, saboda haka ko bai fashe ba, wutar maƙwabcinsa kan tafasa abin da ke cikinsa har ya tarwatse. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tanki tun 1991. Aka yi shekara 22 ana jan ƙafa, domin sauya dubban taragu kuɗi ne mai yawa, kuma galibinsu ba na kamfanonin jirgi ba ne, na masu mai ne da masu ba da haya.

A 2011 kamfanonin da kansu suka fito da samfurin da suka ce ya fi ƙarfi, mai suna CPC-1232. Shi ma ya fashe ya kama da wuta a Lynchburg ta jihar Virginia a Afrilun 2014, da Mount Carbon ta West Virginia a Fabrairun 2015. Ranar 1 ga Mayu, 2015, ministocin sufurin ƙasashen biyu, Anthony Foxx da Lisa Raitt, suka sanar da sabon samfuri, DOT-117: ƙarfe mai kaurin milimita 14, garkuwa a kowane ɓangare, rigar ƙarfe da abin hana zafi da zai jure wuta tsawon minti 100, da bawul da ba ya buɗewa idan tarago ya kife. Kanada ta hana tsohon tankin ɗaukar ɗanyen mai daga Nuwamban 2016. A Amurka kuwa wa'adin ƙarshe na daina zuba sauran ruwa masu kama wuta a cikinsa shi ne Mayun 2029.

Jirgin da doka ta ƙirga da wanda ta tsallake

Dokar Amurka ta 2015 ta ƙirƙiro wani sabon rukuni, wato jirgi mai babban haɗarin gobara. Jirgi na shiga rukunin ne idan yana da taragu 20 a jere masu ɗauke da kayan rukuni na 3, ko 35 a warwatse. Irin wannan jirgi ba zai wuce gudun kilomita 80 a sa'a ba. A manyan birane, in har akwai tsohon tanki a cikinsa, kilomita 64. Dole kamfani ya auna hanyoyin da yake da su ya zaɓi mafi ƙarancin haɗari. Dokar ta kuma ce jiragen mai masu taragu 70 zuwa sama su koma birkin lantarki, wanda ke kama dukkan taragu lokaci guda, maimakon birkin iska da saƙonsa ke bin bututu daga tarago zuwa tarago. Kamfanonin jirgi suka yi ca a kan wannan sashe, suna cewa tsadarsa ta fi amfaninsa. A 2018 gwamnatin Donald Trump ta soke shi.

Ranar 3 ga Fabrairu, 2023, wani jirgin kamfanin Norfolk Southern mai taragu 149 ya goce a garin East Palestine na jihar Ohio. Taragu 38 suka sauka daga dogo, 11 daga ciki na ɗauke da kaya masu haɗari, biyar kuma cike da sinadarin binil kulorayid, iskar da ake yin bututun roba da ita, mai kama wuta kuma mai haddasa ciwon daji. Duk da haka jirgin bai shiga rukunin mai babban haɗari ba. Taragunsa uku ne kawai ke ɗauke da kayan rukuni na 3. Binil kulorayid gas ne, na rukuni na 2, dokar ba ta ƙirga shi. Kwana uku bayan haka aka huda tankunan biyar aka banka musu wuta da gangan don tsoron kada su fashe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sararin garin. A Yunin 2024 hukumar bincike ta ce wannan ƙonawa ba ta zama dole ba, ta kuma ce wani tsohon DOT-111 da ya huje ne ya malalar da sinadarin da ya fara rura wutar.

Tushen hatsarin boris ne ya yi zafi a ƙafar wani tarago. A gefen dogo akwai na'urori masu auna zafin boris. Ta farko ta ga ya ɗara zafin gari da kusan digiri 21, ta biyu 57, ta uku 140. Ƙa'idar kamfanin ba ta tilasta tsayawa nan take sai ya haura kusan 111, kuma tsakanin na'ura ta biyu da ta uku akwai kimanin kilomita 30. Lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, an riga an makara. Babu dokar tarayya da ta ƙayyade tazarar waɗannan na'urori ko zafin da za a tsaya a kai. Kowane kamfani da nasa. Abin takaicin shi ne ciwon tsoho ne. A Nuwamban 1979 zafin boris ne ya kifar da jirgi mai ɗauke da gas da sinadarin kulorin a Mississauga ta Kanada, har aka kwashe mutum sama da 200,000.

Sanatoci daga jam'iyyu biyu, ciki har da Sherrod Brown da J.D. Vance na Ohio, sun gabatar da ƙudurin da zai faɗaɗa rukunin jiragen masu haɗari ya kuma wajabta na'urorin. Ya wuce kwamiti a 2023, amma wa'adin wannan majalisa ya ƙare ba a kaɗa masa ƙuri'a a zaure ba. Abin da aka samu shi ne ƙa'idoji biyu daga hukumomin gwamnati a 2024: ɗaya ta wajabta ma'aikata biyu a yawancin jirage, ɗayar ta tilasta wa kamfani aika jerin kayan da ke cikin jirgi ga masu agajin gaggawa da zarar hatsari ya auku. A East Palestine, 'yan kwana-kwana, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, sun tunkari wutar kafin wannan jeri ya iso hannunsu.

Wa zai biya?

Inshorar kamfanin Montreal, Maine & Atlantic dala miliyan 25 ce kacal. Wata guda bayan hatsarin Lac-Mégantic ya bayyana cewa ya karye. Kuɗin share gari da kogin Chaudière ya koma kan gwamnati, diyyar iyalai kuma sai da aka haɗa asusun kusan dala miliyan 450 daga kamfanoni da dama da ke da hannu a cinikin man. Wannan ya sa a 2015 Kanada ta kafa dokar da ta ɗaure inshora da nauyin kaya: daga dala miliyan 25 ga ƙaramin kamfani zuwa biliyan 1 ga mai dakon kaya masu haɗari da yawa. Ta kuma ɗora wa masu aika ɗanyen mai harajin dala 1.65 a kowane tan, ana tarawa domin hatsarin da ya fi ƙarfin inshora. Hikimar ita ce kamfanin da ya san asarar a wuyansa take, ba zai yi wasa da gyaran dogo ba. Norfolk Southern, da yake babba ne, ya amince a 2024 ya biya mazauna yankin East Palestine dala miliyan 600, ya kuma sasanta da gwamnati a kan sama da miliyan 310.

Turai tana da nata tsarin, mai suna RID, wanda wata ƙungiyar ƙasashe mai hedikwata a Bern ta Suwizalan ke kula da shi, ana kuma sabunta shi duk shekara biyu. Maroko da Aljeriya da Tunisiya suna cikin ƙungiyar. A can kowane tanki na ɗauke da allo mai ruwan lemo, lambar haɗari a sama, lambar kaya a ƙasa. Na fetur 33 a kan 1203. Su ma ihu bayan hari suka yi. A Yunin 2009 sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun wani taragon gas ta karye a tashar Viareggio ta Italiya, wuta ta cinye unguwa, mutum 32 suka rasu. Taragon na wani kamfanin haya ne, an gyara ƙarfen a Jamus, kamfanin Italiya ke jansa, kowa na nuna ɗan'uwansa. A 2011 Tarayyar Turai ta wajabta cewa duk wanda ke da alhakin gyaran taragon kaya sai ya mallaki takardar shaida.

Kafin tankar farko ta hau dogo

Afirka ma ta ɗanɗana. Ranar 14 ga Fabrairu, 1998, taragun mai suka yi hatsari a unguwar Nsam ta birnin Yawunde, kusa da ma'ajiyar man Kamaru. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 100 suka halaka, wasu ƙididdigar ma sun haura 200. Har yau layin Duwala zuwa Ngawundere na ɗaukar man da ake kaiwa arewacin Kamaru. Darasin Nsam babu shi a dokokin Amurka, domin can ba a rububin man da ya zube. A wajenmu, killace wuri da korar jama'a cikin mintunan farko ya fi kaurin ƙarfe ceton rai.

A Najeriya kusan duk mai a tanka yake tafiya. Bayan gobarar Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 150, da ta mararrabar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, wadda ta kashe fiye da 80, an hana tankoki masu cin lita 60,000 hawa titi, kiraye-kirayen a mayar da dakon mai kan dogo kuma suka ƙaru. Kiran yana da hujja, domin in aka auna da yawan kayan da ake ɗauka, jirgin ƙasa bai kai mota yawan hatsari ba. Amma yana tara haɗarin wuri guda. Jirgin Lac-Mégantic lita miliyan 7.7 ya ɗauko, wato lodin tanka sama da 170 masu cin lita 45,000.

Dokar da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta 1955 ce, kuma hukumar ita ce mai tuƙi, ita ce mai sa wa kanta ido. An ɗan matsa gaba a 2022, lokacin da aka bai wa hukumar binciken haɗurra ta ƙasa hurumin binciken na jirgin ƙasa. A 2023 kuma gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi damar shiga harkar dogo. Ga layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 ana shimfiɗawa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zai kuma tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke da nata dokoki da harshen aiki daban.

Abubuwan da ya kamata a rubuta sanannu ne, wasu sun riga sun biya kuɗin koyonsu: a tilasta gwajin kaya da alamar da ma'aikacin Kano da na Maraɗi za su karanta iri ɗaya, a hana shigo da tsofaffin tankunan da wasu ƙasashe suka yi watsi da su, a ƙayyade adadin birki da gudu da tazarar na'urorin auna zafi da lambobi, ba da kalmomi masu harshen damo ba, a haɗa gas da sinadarai cikin ma'anar jirgi mai haɗari tun farko, a raba mai sa ido da mai tuƙi, a tanadi inshora, da kumfar kashe wutar mai a tashoshin 'yan kwana-kwana da ke kan hanya. Sai kuma abin da ya fi saurin kuɓucewa, wato fili. Tazarar da za a bari tsakanin dogo da gidan farko ana iya shata ta yau da alƙalami, tun wurin yana gona. In aka jira ya zama kasuwa, sai da katafila da diyya da shekarun shari'a.